Manomi da Tukunyar Ganyen Dutse

Akwai wani manomi da yake zaune a ƙasar fili, inda babu dutse babu tudu, sai gonaki iyakar ganin ido. Mutum ne mai ƙwazo ƙwarai. Ba ya shan giya, ba ya zagi, ba a kuma taɓa jin ya ɗaga wa kowa hannu ba. Kunyoyin gonarsa a miƙe suke kamar an ja su da igiya, rumbunsa kuwa bai taɓa zama wofi ba. Abu ɗaya ne da shi, ya san kome. In ka soma yi masa magana, kafin ka kai tsakiya ya riga ya gane inda za ta ƙare. Sai ya ƙarasa maka ita, ya ba ka amsa, ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Mutumin nan ya auro mata daga ƙasar duwatsu. Shi ya gan ta ya ce yana so, ita ma ta ce tana so. Ita kuwa mace ce wadda maganarta takan daɗe a hanya. Sai ta ce, "Maigida," ta tsaya, ta dubi ƙasa, ta murza bakin zanenta, sa'an nan sauran maganar ta biyo a hankali. Amma a gidan nan sauran ba ta taɓa samun isowa ba.

Wata rana ta ce, "Maigida, ran Lahadi a majami'a..."

Ya ce, "Na sani. Kin ga matan mutane da sabon kallabi. Ki bari sai kaka." Ya fita.

Ita kuwa ba kallabi take nufi ba. So take ta tambaya ko zai yarda ta shiga cikin mawaƙa. Da kaka ta yi ya sayo kallabi mai kyau. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati.

Cikin kayan da ta zo da su akwai wata tukunyar ƙasa da wani tsiro a ciki. Ba abin ci ba ne, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Ganye ne kawai, dogaye masu laushi, kowane ɗaya da ƙananan ganyaye jere dama da hagu kamar gashin fiffiken tsuntsu. A garinsu da kansa yake fitowa a tsagar dutse, wajen da ruwa yake tsattsafowa, inda rana ba ta cika leƙawa ba. Tsofaffi masu magani suna ce masa agugu, ita dai ganyen dutse take kiransa. Daga bayan ɗakin uwarta ta haƙo shi. Ta ajiye tukunyar a lungu, bayan randa, ƙarƙashin rumfa. Kowace safiya in ta ɗebi ruwa, sai ta yayyafa masa abin da ya rage a moɗa. Maigidan bai taɓa tambayarta ko mene ne ba.

Da ta yi ciki, cikin ya tsufa, sai iyayenta suka aiko wanta da jaki ya tafi da ita, gama al'adarsu ce mace ta yi haihuwar fari a ɗakin uwarta. Ta ɗaure kayanta. Da aka gama ɗorawa, sai ta tsaya kusa da randa ta ce, "Maigida, ganyen nan..."

Ya yi dariya ya ce, "Ni za ki koya wa shuka? Tun ina rarrafe nake cikin kunyar gona. Jeki abinki, rana tana yi."

Ta dubi tukunyar. Can ta ce, "To. Zan zo in gan shi." Ta bi wanta suka tafi.

A gidan akwai gwaggon manomin, yayar ubansa, wadda ta goye shi tun yana ƙarami. Tsufa ya sa hannunta yana rawa, amma idonta garau yake. Da ƙarar kofaton jakin ta ɓace, sai ta ce masa, "Kai ɗan nan, ka ga abin da ta ɗauka?"

Ya ce, "Kayanta mana, Gwaggo."

Ta ce, "Har muciya. Macen da za ta je haihuwa ta dawo, me za ta yi da muciya? Uwarta ba ta tuƙa tuwo ne? Ka kuma ji abin da ta faɗa? Ba ta ce zan dawo ba. Cewa ta yi zan zo in gan shi."

Ya shiga ɗakin matar ya duba. Babu kwano, babu tabarma, babu ko tsintsiya. A gidan duka ba abin da ya rage nata sai tukunyar nan.

Gwaggo ta ce, "Kunyar gona kam ka san ta. Ɗayar kunyar ce ba ka sani ba. 'Yar nan ba za ta iya buɗe baki ta ce maka ta gaji ba. Abin da ta bar maka ke nan. In ta zo ta tarar da shi a mace, ban ga abin da zai zaunar da ita ba."

Maganar ta shigi mutumin, gama yana ƙaunar matarsa. Ya ce a ransa, in ta zo za ta tarar ganyen nan ya ninka yadda ta bar shi.

Abu na fari, ya ɗauke tukunyar daga lungu. Ya ce, "Wane irin tsiro ne za a ɓoye wa rana? Shi ya sa bai taɓa fure ba." Ya girka ta a tsakar gida, inda rana take dukanta tun safe har yamma. Ba a daɗe ba bakin ganyayen ya soma ƙonewa, ya yi ja, in ka taɓa sai ya marmashe.

Ya ce ƙishi ne. Ya ɗebo ruwa ya kwarara. Sai ya ga ruwan yana fita ta ƙasa yana bin tsakar gida. Ya ɗaga tukunyar, ga ƙaramin rami a gindinta. Ya ce, "Ashe a huje take! Mata dai." Ya kwaɓa yumɓu ya toshe ramin sosai. Daga ran nan ruwa ya daina fita. Safe ya zuba, da rana in ya dawo ya zuba, da yamma ya ƙara. Ganyayen da suka tsira daga rana suka soma yin rawaya, suna langaɓewa. Ƙasar tukunyar ta fara wari kamar tsohon kududdufi, ƙananan ƙudaje suna tashi daga ciki.

Maƙwabcinsa, abokin wasansa tun ƙuruciya, ya leƙo ta kan danga ya ce, "Sannu da aiki, sarkin noma. Shinkafa ce kake gwadawa a tukunya? In ta nuna ka kira ni yanka."

Ya ce, "Kai dai wuce."

Maƙwabcin ya ce, "Yunwa ce da abin nan, ba ka gani? Ba shi taki."

Manomin ya kwaso kashin kaji cike da tafin hannu biyu ya zuba, irin yadda yake yi wa masarar bayan gida. Bayan 'yan kwanaki ganyaye da yawa suka yi baƙi daga gindi suka kwanta.

Wata safiya ya juya wani ganye, sai ya ga bayansa cike da ƙananan ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa. Ya ce, "Yauwa, ga ɓarawon. Ƙwan ƙwari ne." Ya barbaɗa toka, ya kankare wasu da farce, waɗanda suka fi yawa kuma ya sa wuƙa ya yanke ganyen gaba ɗaya.

Gwaggo tana zaune tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Ni ban taɓa ganin ƙwaron da yake jera ƙwansa layi-layi haka ba, kamar wanda aka..."

Ya ce, "Na sani, Gwaggo. Akwai irinsu."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Amma abin da ya fi damunsa dabam ne. Tun ranar fari, kowace safiya in ya duba gindin tsiron, sai ya tarar wasu ƙananan abubuwa sun ɓullo daga ƙasa. A naɗe suke tamau kamar ƙadandoniya in an taɓa ta, da ɗan gashi-gashi a jikinsu. To, kun san a gona, in ganyen dawa ko masara ya naɗe, ɗayan biyu ne, ko ƙishi ko tsutsa ta shiga zuciyarsa. Abin da mutumin nan ya sani ke nan tun yana yaro. Ya kama ɗaya da yatsu biyu don ya miƙar da shi, sai ya karye. Ya ce, "Cuta ce. In na bari za ta kama sauran." Ya sa farcen babban yatsansa ya tsinke su duka, ya watsa wa kaji. Kaji suka rugo, suka duba, suka juya suka bar su.

Haka ya riƙa yi kowace safiya kafin ya tafi gona. Da fari abubuwan suna fitowa da yawa, masu kauri. Daga baya suka riƙa fitowa sirara, ɗaya-ɗaya. Ya ce a ransa, cutar ta kusa ƙarewa.

Aka aiko masa matarsa ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. Ya je suna da goro da turmin zane. Gida cike da mata, bai sami ganinta ba sai a bakin ƙofa. Ta rame kaɗan. Ta ce, "Yaya ganyen?"

Ya ce, "Yana nan."

Ta ce, "Akwai abin da in ya..."

Ya ce, "Kada ki sa wa ranki damuwa, ina kula da shi safe da yamma." Wannan kuwa gaskiya ya faɗa. Ta dube shi, ta dubi ƙasa, aka kira ta daga ciki ta koma.

Bazara ta shigo da zafinta. Ga sharar gona, ga kai taki, ga rijiya ta ja baya sai an yi sammako. Shi kaɗai yake yi, ya dawo kuma ya durƙusa gaban tukunya. Ya canja mata wuri, ya ƙara toka, ya rage toka, ya ƙara ruwa. Kowane abu ya yi, sai abin ya ƙara lalacewa. Mutumin da dā yake ƙarasa wa kowa magana, yanzu ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

Wata rana da yamma ya dawo daga gona, ƙafafunsa sun yi futu-futu, bayansa yana ciwo. Ya tsaya a kan tukunyar. Ganye biyu ne suka rage, su ma rabinsu a ƙone. Ya zauna a ƙasa, bai ko ajiye fartanyar ba.

Ya ce, "Gwaggo, na gaji. Gona guda ba ta taɓa gajiyar da ni kamar 'yar tukunyar nan ba. Ba abin da ban ba shi ba."

Ta ce, "Haka ne. Ka ba shi."

Ya ce, "To me yake so?"

Ta ce, "Ni 'yar fili ce kamarka, ina zan sani? Mai sani ta so ta gaya maka."

Ya tashi ya sunkuci tukunyar, don ba ya son ya ƙara ganinta, ba ya kuma son maƙwabcinsa ya ƙara leƙowa. Yana ɗagawa, yumɓun da ya toshe ramin da shi ya faɗo, baƙin ruwa mai wari ya zubo masa a ƙafa. Bai kula ba. Ya tura ta can lungu bayan randa, inda matarsa take ajiye ta dā. Ba don ya gane wani abu ba ne, wurin ne kawai ido ba ya kaiwa.

Ruwan fari ya sauka. Aka shiga shuka, daga shuka aka shiga noma. Yakan fita da duhun asuba ya dawo a gajiye, ya ci abin da Gwaggo ta dafa ya kwanta. Bai ƙara waiwayar tukunyar ba. A ransa ya riga ya binne ta, ya kuma soma saba wa kansa da zaman gidan da babu mace. Randa kuwa tana nan tana tsattsafo da sanyinta. Gwaggo in ta zo ɗiban ruwa, hannunta yana rawa, sai rabin moɗar ya fantsama a bayan randa. Ita ma ba da niyya take yi ba.

Ana nan sai aka aiko cewa ran kasuwa matarsa za ta zo, wanta zai rako ta.

Ran nan da safe bai je gona ba. Ya ce gara ya fitar da mataccen abin ya zubar, ya wanke tukunyar, ya miƙa mata kayanta. Ya durƙusa ya leƙa bayan randa.

Ga ganye biyun nan na dā, suna nan yadda suke. Amma a tsakaninsu ga wani sabo ya taso, kore shar. Daga gindinsa har tsakiya ƙananan ganyaye sun buɗe dama da hagu. Daga tsakiya zuwa sama kuwa yana nan a naɗe tamau, da ɗan gashi-gashinsa, kamar ƙadandoniya. Kusa da shi ga wani ƙarami ya ɓullo daga ƙasa, shi duk a naɗe yake. Kafin ya ankara, babban yatsansa ya riga ya nufi ƙaramin, gama hannun ya saba. Sai ya janye hannun ya sa a bayansa.

Ya dubi gindin tsiron. Ko'ina ƙananan kututture ne baƙaƙe, inda farcensa ya bi safiya bayan safiya. Ya zauna daɓas a ƙasa.

Ya ce, "Gwaggo."

Ta ce, "Na'am."

Ya ce, "Ashe ba cuta ba ce. Ganyen ne. Haka yake zuwa."

Ta tako a hankali ta leƙa. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Ni dai na ga kaji sun ƙi ci."

Da rana ta ɗaga, matar ta iso da goyo a baya. Ba ta zo da kaya ba, sai ɗan ƙunshi ɗaya na zannuwan jaririya. Wanta ya tsaya a zaure, bai ko kwance wa jakin shimfiɗa ba. Ta durƙusa ta gai da Gwaggo, ta gai da mijinta, ta sha ruwa. Sa'an nan ta wuce bayan randa ta tsuguna. Ta ga sabon ganyen. Ta ga ƙonannun. Ta sa yatsa ta shafa kututturan nan ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Maigida..." Ta tsaya.

Amsa ta taso masa har bakin leɓe. Ya san abin da za ta ce, ya kuma shirya bayani tun safe: zafin bana, aikin gona, shawarar maƙwabci. Ya buɗe baki, sai ya tuna da yatsansa. Ya rufe bakin.

Shirun ya yi tsawo. Kaza ta ratsa tsakar gida da 'yan tsakinta. Jakin ya yi atishawa a waje. Jaririyar ta motsa ta koma barci. Matar tana murza bakin zanenta. Ƙafafunsa suka gaji da tsayuwa, bai zauna ba, bai kuma ce kome ba.

Can ta ce, "A naɗe yake fitowa. Abin da na so in gaya maka ke nan ran da zan tafi. Ba a taɓa shi. Da kansa yake buɗewa."

Ya ce, "Na gani." Sa'an nan ya ce, "Akwai saura?"

Ta ɗaga kai ta dube shi, irin duban da ba ta taɓa yi masa ba. Ta ce, "Akwai."

Ta gaya masa ramin gindin tukunyar uwarta ce ta huda shi da gangan, don tsiron yana son laima amma ba ya son kwana cikin ruwa. Ta gaya masa ɗigo-ɗigon bayan ganye ba ƙwan ƙwari ba ne, irinsa ne, ganyen da ya kai girma ne kaɗai yake yinsu. Daga nan ta wuce ga zancen mawaƙa da kallabi. Daga nan ta wuce ga waɗansu abubuwa da ba su da daɗin ji, tana faɗa tana tsayawa, wani wurin da hawaye. Duk inda ta tsaya ya jira. Har inuwar rumfa ta juya tana magana.

Da yamma wanta ya yi gyaran murya a zaure, ya ce hanya da nisa. Ta fita wurinsa. Ta ce, "Yaya, ka tafi kawai. Ka ce wa Inna in an sami mai zuwa a aiko mini da muciyata."

To 'yan'uwa, ma'anar wannan misali, iyakar yadda Ubangiji ya ba ni ganewa, ita ce wannan.

Tukunyar nan mutum ne wanda Allah ya sa a hannunka. Ko matarka, ko mijinki, ko ɗan da kika haifa, ko wanda bai daɗe da ba da gaskiya ba yana zama can baya kusa da ƙofa. Manomin kuwa mu ne. Ku lura ba mugu ba ne. Da mugu ne da misalin bai shafe mu ba, sai mu ce da wasu ake. Rana abu ne mai kyau, ruwa ma haka, taki ma haka. Da su ya cika rumbunsa. Laifinsa shi ne ya ɗauka duk abin da Allah ya shuka dawa ne. Akwai mutanen da in ka fito da su tsakar jama'a ka ce su yi addu'a da ƙarfi, ƙonewa za su yi. Akwai wanda nasiha ta yi masa yawa, safe da rana da yamma, ba a bar masa ko ɗan ramin da za ta wuce ba, har ta ruɓe a cikinsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin nan da yake fitowa a naɗe. Yawancin abin kirki a cikin mutum haka yake somawa, kansa a sunkuye, ba shi da kyan gani. Tuba haka take fitowa. Mutum ya zo ya zauna kusa da kai, yana ta kewaye-kewaye, ya ce, "Dama akwai wata magana," ya yi shiru. Kai kuwa kana sauri, sai ka ce, "Ba kome, ya wuce." Ka tsinke. Yarinya ta tashi karatu a aji, ta kai wata kalma ta tsaya tana haɗa baƙaƙen a ranta, kafin ta furta mutum uku sun faɗa mata. Mako mai zuwa ba za ta ɗaga hannu ba. A tambayi yaro me yake damunsa, uwarsa ta amsa. Na ga waɗannan duka a nan cikinmu, ba kuwa da mugun nufi aka yi ko ɗaya ba. Taimako muke yi. Shi ma manomin kowace safiya da ya tsinke, yana ganin ceton tsiron yake yi.

Ku kuma tuna abubuwan nan da fari da kauri suke fitowa, daga baya suka sirance. In wanda dā yakan soma yi maka magana yanzu ya daina, kada ka ce an sami zaman lafiya. Wataƙila ya fara ɗaure kayansa ne a zuci, yana nan zaune a gabanka.

Na san da yawa a cikinmu mun gaji. Akwai iyaye mata a nan da suka yi shekaru suna fama da ɗa ɗaya, sun yi faɗa, sun yi kuka, sun yi azumi, sun kai shi wurin dattawa, yau ko ambaton sunansa nauyi yake musu. Akwai masu koyarwa da suke komawa gida ran Lahadi suna cewa me na yi yau. Ba zan ce gajiyarku ba gaskiya ba ce. Amma ku duba ko a cikin kayan da kuke ɗauke da su akwai wanda ba wanda ya ɗora muku. Buɗe ganye ba aikinmu ba ne. Ba mu da yatsun da za su iya, in mun gwada karyewa yake yi. Namu shi ne inuwa, da ɗan ruwan da ya rage a moɗa, da zama kusa. Ban ce a yar da mutum a manta da shi ba, gama da ba don randar nan da hannun Gwaggo ba, da tsiron ya mutu a lungun. Ubangiji ya yi aiki da hannu mai rawa a inda hannu mai ƙarfi ya kāsa.

Ku kuma da aka sha tsinke muku magana har kuka daina somawa, ban da abu mai yawa da zan ce muku. Kututturan ba sa ɓacewa, ganyen nan ma bai koma cika kamar dā ba sai bayan lokaci mai tsawo. Amma saiwar tana da rai. In kun ga an yi shiru ana jiranku, ku daure ku faɗa.

Abu na ƙarshe. Manomin nan yana tsammani ya san ƙarshen kowace magana, bai kuwa sani ba. Akwai Ɗaya wanda da gaske ya sani, tun kafin mu buɗe baki. Duk da haka in muka durƙusa muka ce, "Ya Uba," muka tsaya, muka rasa ta inda za mu kama, bai taɓa katse mu ba. Yakan jira har mu kai ƙarshe, ko da rabin addu'ar shiru ne.

Saboda haka a makon nan, in wani a gidanka ya kira ka ya tsaya, ka sa hannunka a baya, ka rufe bakinka, ko da ƙafafunka za su gaji. In ya gama, ka tambaye shi ko akwai saura.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin jira. Amin.